Jan Da'ira a Hannun Riga

Ni ce mai allura a wannan zaure na Kutaisi.
Darejan sunana, ba ya cikin jerin da aka liƙa a ƙofa.
Daren jajibiri na ɗinka jan da'ira talatin da ɗaya
a hannun fararen riguna masu kaurin buhu,
alamar da ke ce wa alƙali: wannan ba ya gani ko kaɗan,
kama gwiwar hannunsa, kai shi tsakiyar tabarma.
Allura uku suka karye. Babban yatsana ya yi kanta.

Ƙanena Nugzar ya jawo mana wannan jidali.
Ramin ma'adinai ya karɓe masa ido biyu,
ya bar masa kafaɗu da taurin kan ubanmu.
Shekara uku yana bugun waya.
Wannan ya ce babu kuɗi, wancan ya ce sai baɗi,
wani mai babban tebur ya ce,
"Judon makafi? Wa zai zo kallo?"
Nugzar ya ce, "Kai dai ba ni makullin zauren."

Sai ga su, ƙasa goma sha ɗaya.
Bizar 'yan Masar ta maƙale har ranar Laraba.
Akwatin wani ɗan Kazakistan ya zarce wata ƙasa ba shi,
ya yi awo da aron wando.
Likita ya yini yana haska fitila cikin idanu,
yana raba duhu aji-aji
sai ka ce hatsi ne a kan sikeli.
Tafinta ɗaya, harshe bakwai.
Inda baki ya gaza, hannu ya ƙarasa.

A nan babu zagaye-zagaye, babu harara.
Tun kafin a ce a fara
kowa na riƙe da wuyan rigar abokin karonsa,
yana sauraron niyyarsa ta cikin zare.

Karon ƙarshe, biyar saura kwata.
Tsendmaa daga Mongoliya, gajeruwa kamar kututture,
Valdirene daga Brazil, mai raɗa addu'a tana ɗaura ɗamara.
Ruwa na dukan kwano a sama.
Minti biyu ba wadda ta gusa.

Sai wuta ta ɗauke.

Mu masu ido muka rikice.
Kujeru suka kife, wani yaro ya fasa kuka,
alƙalin kansa ya manta kalmar tsayarwa.
Daga tsakiyar duhun kuwa,
shuu, tafin ƙafa a kan tabarma,
numfashi, numfashi,
sannan tim!

Ƙanena na ji yana dariya a gefena.
Ya miƙe, ya lalubo mai gyaran wuta,
ya kama gwiwar hannunsa:
"Taho, taku ashirin da huɗu ne, akwai matakala biyu.
Kada ka ji tsoro."

Da haske ya dawo, Valdirene na kwance rigingine,
Tsendmaa na durƙushe, ba ta saki rigar ba,
tana tambaya me ya sa mutane ke ihu.
Alƙalai uku suka haɗa kai, suka yi ƙus-ƙus,
suka ce abin da ba su gani ba, ba ya shiga lissafi.
Valdirene ta tashi zaune, ta kakkaɓe gashi,
ta ce wa tafinta, "Gaya musu bayana ya gani."

Doka dai doka ce, aka sake.
Sakamakon na cikin takardun Nugzar, mai so ya tambaye shi.

Ni abin da ya zo hannuna da dare,
bayan an naɗe tabarmi, an share ɓawon lemo,
riga ce mai warin gumi,
da'irarta ta ɓalle, tana lilo da zare ɗaya.
Tsendmaa ta aza yatsana a wurin.
Jirginta na asuba ne.
Na zura zare biyu a allura ta huɗu.